Ranar da Aka Ɗaga Mini Labule

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da sojoji suka karɓi mulki a Nijar aka rufe boda ba. Mutanen Maigatari suna tuna ta da kasuwa da ta yi sanyi da raƙuman da suka rage ƙetarowa. Ni kuwa da wani abu dabam nake tuna ta, wanda ko yanzu in ya faɗo mini a rai ina tsakiyar alwala, sai in tsaya in rufe fuska da tafin hannu, in yi istigfari, sannan in yi dariya ni kaɗai.

Bari in fara gaya maka ko ni wane ne, don ka san tsawon wurin da na faɗo. Ni ne na'ibin limamin masallacin unguwarmu a Gumel. Na yi aikin koyarwa har na yi ritaya. Allo na fara riƙewa kafin fensir, kuma har gobe in zan rubuta abin da ya shafi kaina, da ajami nake rubuta shi. An san ni da tafiya a hankali da magana ƙasa-ƙasa. In yara suna ƙwallo a layi suka hango ni, sai su ɗauke ƙwallon su rungume har in wuce. (Ban taɓa dukan ɗan kowa ba. Fuskar ce haka Allah Ya yi ta.)

Abin da mutanen unguwa ba su sani ba shi ne, akwai wani abu na ƙuruciya da ya maƙale mini a zuciya ya ƙi fita. Muna yara, kawuna, yayan mahaifiyata, Allah Ya ji ƙansa, an tura shi kwas Ingila. Ya dawo da wata 'yar na'ura baƙa, faɗinta bai kai allon ƙaramin yaro ba, da madannai na roba masu laushi kamar magogin fensir. Kwamfuta ce, in ji shi. Ana jona ta da talabijin, a jona ta da rikoda, a saka kaset. Kaset ɗin ba waƙa ba wa'azi, sai wani ƙara kamar an rufe kyanwa a garwa an taka mata wutsiya. Sai ku zauna ku jira, fuskar talabijin tana ta ratsi-ratsi. Can sai wani ɗan mutum mai hula ya bayyana a cikin kogo, yana tsallake ramuka yana tsintar makullai, kai kuma kana tuƙa shi da madannai. Mu muka raɗa masa suna Ɗan Tsalle.

Ni da Bala muke bugawa, ɗan kawun nawa, wato taubashina. Sa'annin juna ne mu, kuma tun muna rarrafe kowa ke cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Yanzu Alhaji Bala ne, dillalin shanu a kasuwar Maigatari, mai ƙaton tumbi da ƙatuwar murya. Na'urar ba ta yi tsawon rai ba. Wata rana aka kawo wuta da ƙarfi ta yi hayaƙi, shi ke nan. Muka girma, kawu ya rasu, kowa ya kama gabansa.

Bayan na yi ritaya, wata rana ina latse-latsen waya sai na ci karo da wani tsohon Bature mai furfura kamar tawa, yana nuna yadda ya sake gina irin wannan na'urar da hannunsa. Da ya kunna ta na ji ƙaran nan, wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Na ji ƙamshin ɗakin kawu, na ga tabarmar da muke zama a kai.

Asirin abin shi ne, ba tsohuwar ake tayarwa ba, wannan ta riga ta tafi. Wani ɗan allo ne na zamani wanda bai cika tafin hannu ba, sai a saka masa memori mai ɗauke da manhajar da za ta koya masa kwaikwayon tsohuwar. Kamar ka sami saurayi lafiyayye ka ce ya kwaikwayi kakansa: ya ranƙwafa, ya ja ƙafa, ya yi irin tarinsa, har abin da kakan ke mantawa shi ma ya manta. Ɗan allon zai iya buɗe wasan kafin ka ƙifta ido, amma ana iya saita shi ya yi jinkirin da ƙaran da ratsin duka. Haka nake so, don rabin daɗin abin a jiran yake.

Na aika Kano ta hannun wani direba aka sayo mini allon. Na zana wa kafinta siffar akwatin daga ƙwaƙwalwata, ya yi ya sake, ya yi ya sake, har ya fara ɓuya in ya hango ni. Madannai na ciro daga wani mataccen allon rubutu na shagon buga takardu. Don su yi laushi irin na dā, na sayi magogin fensir fakiti-fakiti na yayyanka na liƙa a kansu, har mai kanti ya tambaye ni ko makaranta zan buɗe. Na samo wata 'yar tsohuwar talabijin mai ƙeya wadda ke aiki da batirin mota. Kowace igiyar wuta na liƙa mata takarda na rubuta inda za ta shiga da ajami. Na koyi narka dalma da tsufana, na ƙone yatsu. In aka tambaye ni a masallaci sai in ce, "Ƙuna ce," su ce, "Allah Ya sawwaƙe," in ce amin. Ban yi ƙarya ba, ban kuma ƙara bayani ba.

Hajiya, mai ɗakina, ta sa wa akwatin suna ɗan autan Malam. In ta aiko da abinci sai ta ce a tambaye ni ko autan ya fara magana. Bai fara ba. Makonni ina fama, in kunna, fuskar talabijin baƙa ƙirin. Bala kuwa, da yake kasuwa ta yi sanyi, ya mayar da gidana wurin hira. Ya zo ya tsaya a kaina ya riƙe ƙugu.

"Liman ƙarami, har yanzu gawar ba ta tashi ba? Ka yi mata tofi mana."

"Bawa ba ya tsayawa a kan ubangidansa. Zauna."

"In wannan katakon ya yi aiki, ni zan ɗauke ka a kafaɗa daga nan har Maigatari."

Ana cikin haka maganar auren 'yata ta taso. 'Yar fari ce, saboda haka sunanta ba zai fito daga bakina ba, ko a nan. Ta gama karatun jinya, wani yaro ɗan Gagarawa ya fito, malamin makaranta, mai hankali, kuma suna son juna. Iyayensa gidan malamai ne masu tsanani. Babbansu, baffan yaron, alaramma ne wanda ya rubuta Alƙur'ani da ka, kuma a danginsu ba a ƙulla komai sai da yawunsa. Labari ya zo mana cewa da farko bai so a ɗauko 'yar boko daga gari ba. Abin da ya sauko da shi, wai, da aka ce masa 'yar na'ibin nan ce na Gumel. Sai ya ce, "To, wannan gidan natsuwa ne." Ka riƙe wannan maganar. Duk jarin da yarinyar nan take da shi a wurin tsohon, natsuwata ce.

Aka sa ranar da za su zo gaisuwa da sa rana, bayan la'asar. Ka san al'adarmu: uba ba ya zama a irin wannan wuri, balle a kan 'yar fari. Ƙanena Malam Hamisu shi ne zai karɓe su a zaure tare da wasu dattawan dangi, har da Bala. Ni kuma na ce zan tafi Sule Tankarkar in duba wani abokina da ba shi da lafiya, don in aka ce ba na nan, ya zama gaskiya aka faɗa. Na sami mai jan salla a madadina, na saka riga, na ɗauki hula.

Ɗakin karatuna a jikin zauren yake, kuma ƙofarsa ɗaya ce, ta cikin zauren, da labule. Na shiga in ɗauki carbi. Idona ya sauka kan akwatin, a buɗe kamar yadda na bar shi. Kuma kamar an haska mini fitila, sai na ga igiyoyi biyu da na musanya wa wuri. Makonni ina kallonsu ban gani ba, sai ranar. Na ce bari in gyara kawai in fita, ba zai ɗauki lokaci ba.

Na gyara. Na kunna.

Fuskar talabijin ta yi fari, rubutu ya fito a ƙasa. Na danna madannan da yatsuna ba su manta ba. Ratsin ya fara, ƙaran ya tashi. Na zauna a ƙasa ban san na zauna ba. Aka kira la'asar na yi ta a ɗaki a gurguje (wannan ma na nemi gafararsa daban), na koma. Sai ga Ɗan Tsalle, da hularsa, yana tsaye a bakin kogo kamar jiya muka rabu.

Abin da ya dawo da ni hayyacina, sallama ce a zaure. Baƙi sun iso. Na ji ana shimfiɗa darduma, ana gaisawa, na ji murya mai kauri ta tsoho tana tambaya, "Malam na'ibi yana lafiya?" Na ji Hamisu, bawan Allah, da zuciya ɗaya yana cewa, "Lafiya ƙalau, Allah gafarta Malam. Ya tafi Sule Tankarkar dubiya."

To, yanzu fa? In na fita, na ƙaryata ƙanena a gaban baƙi, na kuma keta al'ada. Sai na ce ba komai, zan zauna shiru har su tashi, ba wanda zai sani. Mai hankali da a nan zai kashe na'ura ya ɗauki carbi. Ni kuwa sai wata dabara ta zo mini, wadda a lokacin na ga ba ta da na biyu. Akwai wani iyafis babba da na saya, irin mai rufe kunne ruf. Na ce in na saka shi, ƙaran wasan ba zai fita ba, ni kaɗai zan ji. Na jona shi, na kafa a kai, na cire hula don ya zauna daidai. Duniya ta ɗauke ɗif. Har na yaba wa kaina.

Rami na farko na tsallake, na biyu na tsallake. Yatsun suka fara tunawa. Na cire babbar riga saboda zafi, na saura daga ni sai singileti. Akwai wani wuri a kogo na uku, rami mai faɗi da wata halitta mai kai da kawowa a bakinsa, wanda muna yara daga ni har Bala ba wanda ya taɓa wuce shi. Na iso wurin. Ɗan Tsalle rai uku gare shi. Na rasa ɗaya. Na rasa na biyu.

Abin da ya faru a zaure, daga baya Hamisu ya ba ni labari, yana magana yana kallon ƙasa. An gama gaishe-gaishe, an gabatar da goro da alawa, an nemi aure an bayar. Saura sa rana. Alaramma ya ce a fara yin addu'a tukuna. Kowa ya ɗaga hannu, zaure ya yi tsit. Sai aka ji daga bayan labule:

"Tsallaka! Tsallaka mana, ragon banza!"

Hamisu ya ce hannuwa suka tsaya a sama, ba wanda ya shafa.

"Innalillahi! Saura ɗaya! In na rasa wannan na shiga uku!"

Ni fa a wurina raɗa nake yi. Na rantse maka, a kunnena ko motsin leɓena ban ji ba. Ashe muryar da nake jan sallar asuba da ita ranar da lasifika ta lalace, ita na saki.

Alaramma ya sauke hannu ya ce, "Wane ne a ciki?"

Hamisu ya ce shi bai sani ba, kuma gaskiyarsa ke nan, don ya ce bai taɓa jin na ɗaga murya haka ba tun da aka haife shi. Mutum ɗaya ne a zauren ya gane muryar, ya kuma gane ramin. Bala ya miƙe, tumbinsa na rawa saboda dariyar da yake dannewa, ya taka ya kama labulen ya yaye shi gaba ɗaya.

Daidai lokacin Ɗan Tsalle ya tashi sama, ya wuce kan halittar nan, ya dira a ɗaya gefen. Abin da ya gagare ni tun ina yaro. Na miƙe a kan gwiwoyina, na ɗaga hannu biyu sama, na kwarara ihu: "Allahu Akbar! Na ci! Na ci!"

Sai na ga haske ya ƙaru a ɗakin. Na juya.

Dattawa ne a jere cikin manyan riguna da rawuna, duk sun zubo mini ido. Ni kuma ga ni a durƙushe, kai ba hula, singileti ta jiƙe da gumi, wani abu kamar kunnuwan jaki a kaina, hannuwa a sama. Na ga bakin Bala yana motsi ban ji me yake cewa ba. Na zare iyafis ɗin a hankali, sai na ji ƙarshen maganar: "...sannu da dawowa daga Sule Tankarkar, Liman. Ya mai jikin?"

Ka san me na yi? Sallama na yi musu. Ni da nake cikin ɗaki, a durƙushe, na ce, "Salamu alaikum." Wani daga cikin baƙin ya amsa don dole. Alaramma ya dubi talabijin, ya dube ni, ya sake duban talabijin. Sannan ya yunƙura ya tashi, ya ce wa Hamisu, "Yamma ta yi, hanyarmu da nisa. Za mu waiwayo." Goro dai sun bar shi, amma rana ba a sa ba.

Gidan ya yi mini zafi. Hajiya ta daina tsokanata, wanda ya fi faɗa ciwo. Yarinyar kuwa in ta kawo mini ruwa sai ta durƙusa ta ajiye, idonta a kumbure, ta juya ta fita. Kwanaki suka wuce ba labari daga Gagarawa. Daga baya yaron ya kira ta a waya, ita ta gaya wa uwarta, uwar ta same ni.

"Malam, ka san me suke cewa? Caca kake yi."

"Caca? Ni?"

"To me za su ce? A ƙauyensu samari nawa suka sayar da akuyoyin iyayensu a kan cacar waya? Tsoho ya ga mutum ya ɓuya a ɗaki, ya ce ya yi tafiya, ya tasa gilashi a gaba yana ihun ya rasa, yana ihun ya ci. Ko ni da na san autan naka sai da gabana ya faɗi. Ya ce ba zai haɗa zuri'a da ɗan caca mai jan salla ba."

Ban iya cin abinci ba ranar. Kunyar singileti mai sauƙi ce. Amma a ce yarinya ta rasa wanda take so saboda ubanta ya tsallake rami, wannan ban san inda zan kai shi ba.

Washegari sai ga Bala, tun daga ƙofa yana kwaikwayona: "Na ci! Na ci!" Bai kai ɗakina ba Hajiya ta fito ta tare shi a zaure. Ban taɓa jin ta yi wa baƙo magana a tsaye ba sai ranar.

"Alhaji, wasanku na taubasai ku kuka san shi, ba ruwana. Amma da ka ji muryarsa, ba sai ka ce wani mahaukacin maƙwabci ne ba? Ga 'yarka can a ɗaki, je ka yi mata dariyar."

Ya shigo wurina jiki a sanyaye, ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

Na ce, "Ka ci bashi, Bala."

Ya ce, "Na ci. Faɗi yadda zan biya."

Na ce ba abin da zai wanke ni sai tsohon ya ga abin da idonsa. Za mu ɗauki na'urar mu kai masa har gida, shi kuma Bala ya zo ya ba da shaida, tunda a ɗakin ubansa abin ya samo asali. Ranar da Alaramma ya ce yana gida ta faɗo Alhamis, ranar kasuwar Maigatari. Bala ya buɗe baki zai yi magana, ya tuna Hajiya, ya rufe.

Muka shiga motar haya, ni da talabijin a cinya da akwati a hammata, shi da batirin mota a tsakanin ƙafafu. Wata tsohuwa a kujerar baya ta ce, "Malam, gyara za a kai ta?" Bala ya ce, "A'a Iya, mai ita za a kai gyara." Na ƙyale shi, don hannuna ba sarari.

Muka tarar da Alaramma a gindin darbejiya a ƙofar gidansa, da malamai 'yan'uwansa. Kafin mu gama jona igiyoyi, rabin unguwa ya kewaye mu. Na yi bayani iya iyawata, tun daga kawu har zuwa kafinta. Tsohon ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya nuna akwatin da sandarsa.

"Ta ina ake saka kuɗin?"

"Ba a sakawa, Allah gafarta Malam."

"In ka ci, wa ke biyanka?"

"Ba kowa."

"In an cinye ka fa?"

"Sai in sake daga farko."

"To me ake samu?"

"Makulli."

"Na wace ƙofa?"

"Ta wani kogon."

"Me ke cikinsa?"

"Wasu ramukan, Allah gafarta Malam."

Wani malami ya juya baya yana tari. Alaramma ya ce a buɗe akwatin ya ga ko da layin waya a ciki. Na kwance shi. Ya leƙa ya ga fili fetal, sai ɗan allon nan a kusurwa da igiyoyi. Ya sa tabarau ya karanta 'yan takardun da na liƙa, ya ce, "Hannunka na ajami da kyau." Ban san ko yabo ba ne ko ta'aziyya. Sannan ya ce, "A kunna. Amma ba kai za ka taɓa ba, mai abu ya san inda yake ɓoye abinsa. Wannan mai shaidar ya yi."

Bala ya gyara babbar riga, ya zauna a gaban talabijin, ya yi bisimilla. Ya raɗa mini, "Kalli yadda manya ke yi. Ko tari ba za ka ji ba." Ƙaran kaset ya tashi, yara suka toshe kunne, wata akuya ta tsinke igiya. Ɗan Tsalle ya fito.

Rami na farko Bala ya tsallake yana murmushi. Na biyu ya faɗa. Ya ce, "Hm." Ya sake, ya sake faɗawa. Ya naɗe hannun riga zuwa kafaɗa. Jama'a suka matso, wani daga baya ya ce, "Alhaji, da wuri za ka tashi." Bala ya ce, "Kai, rufe mini baki, tun ba a haife ka ba nake wannan!" Hula ta zame ta faɗi bai kula ba. Ya fara tashi da jikinsa duk lokacin da Ɗan Tsalle zai tashi, tumbi na bugun gwiwa. Ƙafarsa ta ture butar Alaramma. Ya kai bakin ƙofar kogo, saura taki ɗaya ya ɗauki makulli, sai wata halitta ta fito ta taɓa shi.

Abin da ya fito daga bakin Bala ba zan iya rubuta shi ba, ko da boko ko da ajami. Ashar ce irin ta kara, kasuwar shanu, wadda ake ɗura wa bijimin da ya ƙi hawa mota, ta haɗa da uwar Ɗan Tsalle da kakarsa. A gaban Alaramma, da malamai, da mata masu leƙe ta katanga. Kuma shi ba komai a kunnensa, ya ji kansa sarai.

Na gyara zama, na sauke murya yadda aka san ni da ita, na ce, "Subhanallahi. Alhaji, a gaban malamai?"

Kafaɗun Alaramma suka fara rawa. Ya ja gefen rawani ya rufe baki, ya daɗe a haka. Da ya sauke, idonsa da ƙwalla.

"Na gane," in ji shi. "Ba caca ba ce. Wauta ce. Kuma ga dukkan alamu ta gado ce, ta wajen uwa." Ya share ido. "Ni kuwa a karatuna ban ga inda wauta ta hana aure ba. A turo Malam Hamisu mu sa rana. Kai kuma na'ibi, ranar ɗaurin aure, don girman Allah, ka fita daga gidan."

An sa rana, an ɗaura aure bayan an kawar da amfanin gona, yanzu har da jika. Akwatin yana nan, ina kunna shi jefi-jefi, ƙofa a buɗe, kunne a buɗe. Yaran layi sun daina ɗauke ƙwallo in na zo wucewa. Wani ma har yakan ce mini, "Baba, tsallaka!" Abin da na koya da tsufana shi ne, toshe kunnenka ba ya toshe na mutane, kuma natsuwar da aka san ni da ita ashe rabinta rashin samun abin wasa ne.

Tsakanina da Bala kuwa, tun a motar dawowa muka ƙare magana. Har muka wuce Gagarawa Tasha yana kallon hanya ta taga. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kai a zaure aka gan ka. Ni a gaban gari guda, kuma na rasa kasuwa. Akwai sauran bashi?"

Na yi kamar ina tunani. Na ce, "Babu. Na yafe maka ragowar."

"Ragowa? Kai ne ma za ka ba ni canji!"

Na ɗauke talabijin daga cinyata na ɗora masa a kan tumbi. Na ce, "Ga shi. Riƙe har gida."

Ya riƙe.